Kafin ka ɗora wa AI laifi, ka koma ka duba bayanin kayan aikin da ka rubuta masa

Yanzu a Kaduna ba abin mamaki bane kaga yaro ɗan poly ko ɗan KASU ya haɗa bot a WhatsApp yana sayar da data, ko wata mai abinci a Unguwar Rimi tasa an haɗa mata wanda zai dinga karɓar oda da daddare tana barci, kuma da yawa daga cikinsu sun wuce zamanin danna 1 danna 2, yanzu AI ne a ciki, kwastoma ya rubuta abinda yake so yadda yazo masa a baki, shi kuma ya gane ya je ya aikata. Irin wannan AI ɗin da ba a hira kaɗai ya tsaya ba, yana duba balans, yana rubuta oda, yana tura kuɗi, shi ake cewa ejen. To abinda yake damuna shine da zarar ejen ɗin ya kwafsa sai kaji ana cewa ai wannan injin baya ja, a koma wancan, daga ChatGPT a koma Claude, daga Claude a koma Gemini, ana ta zubar da dala, ga dalar ma yadda take, kuma matsalar tana nan daram inda aka barta. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin wasu 'yan layuka biyu ko uku da mai haɗa manhajar ya rubuta a gurguje, wato bayanin da ke faɗa wa injin me kowane kayan aiki yake yi.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, don idan ba'a gane wannan ba sauran maganar bazata shiga ba. Shi injin AI ba abinda yake iyawa sai rubutu, bashi da hannun da zai taɓa akawun ɗinka. Mai haɗa manhaja ne yake rubuta ƙananan ayyuka a kod, wannan na duba balans, wannan na sayen data, wannan na soke oda, su ne ake cewa kayan aiki, sai ya miƙa wa injin jerinsu. Kuma abinda ake miƙa masa akan kowanne abu uku ne kacal, sunan aikin, da bayani a rubuce da kalmomi irin na mutane, sai tsarin guraben da zai cike, misali lambar waya da adadin kuɗi, wanda ake tsarawa da wani salon rubutu na masu haɗa manhaja mai suna JSON Schema. Kod ɗin kansa baya ganinsa ko kaɗan. Idan kwastoma yace a sa masa data, injin zai karanta jerin nan, ya zaɓi wanda yake ganin ya dace, ya cike guraben, manhajarka ce zata aiwatar ta dawo masa da sakamako ya karanta ya cigaba. OpenAI masu ChatGPT ne suka fito da wannan tsari a fili ga masu haɗa manhaja a watan Yunin 2023, sai a Nuwamban 2024 Anthropic masu Claude suka saki MCP, wata ƙa'ida da tasa kowa zai iya haɗa kayan aikinsa sau ɗaya ya jona su da ejen iri-iri, a Maris 2025 OpenAI ma suka rungume ta. Daga nan ne abin ya yawaita, har ya zama mutum yana jona kayan aikin da wani ya rubuta a wata ƙasa bai taɓa buɗe bayaninsu ya karanta ba.

Ka ɗauka kamar sabon yaron shago ne aka kawo maka a Kasuwar Barci, mai kaifin ƙwaƙwalwa sosai, ya iya lissafi ya iya magana, amma bai san komai na shagonka ba, kuma duk safiya yana tashi ya manta abinda ya koya jiya, takardar da ka manna masa a bango ita kaɗai ce ilminsa, sannan yana da wani hali, idan takardar bata faɗi abu ba bai cika tsayawa ya tambaya ba, sai ya cika da hasashe kuma yayi shi da ƙarfin gwiwa. Wannan halin na cikawa da hasashe shine yasa bayanin yake da nauyi haka, duk gurbin da ka bari a buɗe za'a cike shi, kuma ba lallai da abinda ke ranka ba.

Toh ta yaya zaka gane bayanin da ka rubuta yana da kyau? Mafi yawanmu abinda mukeyi shine mu karanta mu ji yayi daɗi a kunne, shikenan. Amma kai da ka rubuta kod ɗin kai ne mafi munin alƙali a wannan shari'ar, saboda duk abinda bayanin ya tsallake ƙwaƙwalwarka tana cike maka shi baka ma sani ba. Gwaji mafi arha shine ka kwafi sunan da bayanin da guraben kawai, ka tura wa wani abokinka da bai taɓa ganin manhajar ba, kace masa ga kwastoma yace kaza, wanne zaka kira kuma me zaka sa a kowane gurbi. Duk inda ya tsaya yace maka "wannan naira ne ko kobo", ko "idan babu lambar fa", to nan ne injin zai yi hasashe. Wannan gwajin yana kama manyan ramuka, amma iyakarsa kenan, bai isa ace bayanin ya ci jarabawa ba.

Mu tsaya akan maganar naira da kobo ɗin nan don ita ce misalin da ya fi nuna haɗarin. Duk wanda ya taɓa jona Paystack, masu tsarin karɓar kuɗi ta intanet, ya san adadin kuɗi a kobo suke karɓa, naira 5,000 sai ka rubuta 500000. Wasu tsarukan kuma naira suke karɓa kai tsaye. Yanzu ace ka rubuta wa gurbin bayani kace adadin kuɗin da za'a caja, baka ƙara komai ba. Kwastoma yace dubu biyar, injin ya rubuta 5000, manhajarka ta miƙa shi yadda yake, an caji mutum naira 50, mai kaya tayi asara kuma ba wani jan rubutu da zai fito a allo, komai ya nuna ya tafi lafiya. Ɗaya gefen ya fi muni, ace kai a kod ɗinka ka riga ka ninka da 100, shi kuma injin ya taɓa cin karo da tsarin kobo a karatunsa sai shima ya ninka, dubu biyar ta zama dubu ɗari biyar. Abin lura anan shine duka biyun injin baiyi wauta ba, kowanne hasashe ne mai ma'ana, bayanin ne ya bar ƙofa biyu a buɗe. Gyaran kuma ba wani dogon abu bane, ka sa ma'aunin a cikin sunan gurbin kansa, amount_kobo maimakon amount, ka rubuta ƙarara cewa lamba ce cikakkiya a kobo, ka bada misali ɗaya na naira 5,000. Haka kwanan wata, mu 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne, idan baka ce a rubuta shekara sannan wata sannan rana ba ka bar wa sa'a. Haka lokaci, agogonmu yana gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa 1, kuma saba da yawa, wato kwamfutocin da manhaja ke zaune a kansu, akan UTC suke, odar da aka bayar sha biyu da rabi na dare zata iya faɗawa lissafin jiya. Haka lambar waya, 080 ce ko +234, da sifilin farko ko babu.

Sai kuma abubuwan da wanda ya rubuta kayan aikin a waje bazai taɓa tunaninsu ba, mu kaɗai muka sansu. Kayan aikin lissafin kuɗin kai kaya yana da gurbi na unguwa, kwastoma ya rubuta Tudun Wada. Wacce? Akwai ta Kaduna, akwai ta Zariya, a Kano ƙaramar hukuma ce guda, a Jos ma akwai. Idan bayanin bai ce ana buƙatar gari tare da unguwa ba, kuma idan sunan yana iya zama wuri fiye da ɗaya a tambayi kwastoma, to ɗan acaɓa zai sha yawo ko a caji mutum kuɗin da ba nasa ba. Wani zai rubuta U/Rimi, wani Ungwan Rimi, wani Anguwan Rimi, duk wuri ɗaya. Neman sunan kwastoma ma haka, a rumbun bayananka Danladi aka rubuta da D, shi ya rubuto Ɗanladi da mai ƙugiya, binciken ya dawo babu, injin yace wa bawan Allah bashi da akawun. Mai sayar da hatsi kuma, mudu ne ko tiya, buhun mai kilo 50 ne ko mai 100. Duk waɗannan ilmi ne da yake kanka, kuma muddin bai sauka cikin bayanin ko cikin kod ɗin ba, to a wajen injin babu shi.

Shi yasa nake ganin auna ingancin bayani ba da karatu ake yinsa ba, da aiki ake yi, gani ya kori ji. Abinda ake yi shine ka tara tambayoyi na gaske, ba waɗanda ka zauna ka tsara da turancin makaranta ba, ka koma tsofaffin saƙonnin kwastomominka, ka goge sunaye da lambobinsu don amana ce, ka ɗebo su yadda suke, "slm dan Allah asamin 2gb a layin mamana", "nayi transfa tun safe shiru", "wancan odar ta jiya a barta kawai". Kowacce ka rubuta a gefe abinda ya kamata ya faru, wane kayan aiki za'a kira, me za'a sa a guraben, ko kuma kada a kira komai a fara tambaya. Sannan ka riƙe injin ɗaya kada ka canza shi, ka dinga canza bayanin kaɗai kana sake gudanar da tambayoyin. Idan ka canza inji da bayani lokaci guda bazaka taɓa sanin wanne ya kawo gyaran ba, kuma wannan kuskuren ne yasa mutane da yawa suke rantsuwa da wani inji alhali jimla ɗaya da suka ƙara a ranar ce tayi aikin.

Kuma a cikin sakamakon kada ka tsaya akan ya ci ko ya faɗi kawai, faɗuwa kala-kala ce kuma kowacce da inda take nuni. Idan ya zaɓi kayan aikin da ba shi ba, yawanci akwai guda biyu da bayaninsu ke kama da juna. Kaga kamar duba oda da duba biya, kwastoma yace nayi transfa shiru, wanne za'a fara? Idan duka biyun cewa sukayi suna duba matsayin cinikin kwastoma, to injin caca zaiyi. Anan bayani bai cika ba sai ya faɗi iyakarsa da maƙwabcinsa, yace ana kiran wannan idan ana maganar kuɗi sun shiga ko basu shiga ba, idan maganar kaya sun iso ce to ga wancan. Wannan ya nuna ba'a auna bayani shi kaɗai, a cikin 'yan uwansa ake auna shi, bayanin da yayi lafiya lau a cikin kayan aiki biyar zai iya rikicewa ranar da ka ƙara na shida mai kama da shi. Idan kuma ya zaɓi daidai amma ya cike gurbi da shirme, to bayanin gurbin ne. Idan ya ƙirƙiro lambar oda daga kansa, to baka faɗa masa daga ina ake samo lambar ba, baka ce sai an fara kiran wancan aikin an karɓo ta ba.

Akwai wani gefen da ake yawan mantawa, wato lokacin da daidai shine kada a kira komai. Masu bincike a jami'ar Berkeley da suka fitar da gwajinsu na BFCL a 2024 don auna yadda injina ke kiran kayan aiki, sun sa wani sashe da gangan inda babu ko ɗaya cikin kayan aikin da ya dace da tambayar, inji mai hankali shine wanda ya haƙura bai kira ba. Kaima ka sa irin waɗannan a naka. Mutum yace "nawa ne 5gb", tambayar farashi yake, ba cewa yayi a saya ba. Mutum yace "da na samu kuɗi zan soke wancan in ɗauki babba", bai ce a soke yanzu ba. Bayanin da ya zuzuta kansa, yace a kira ni duk lokacin da aka ambaci data, zai ci duk tambayoyin saye amma zai dinga cire wa mutane kuɗi akan tambayar farashi, kuma idan gwajinka bashi da irin waɗannan tambayoyin zaka ga maki ya cika kayi ta murna.

Sannan sau ɗaya baya isa. Injinan nan ba kullum suke bada amsa iri ɗaya ba ko da tambaya ɗaya ce. Kamfanin Sierra da suka fitar da gwajin tau-bench a 2024, mai kwaikwayon hidimar kwastoma a shago da kamfanin jirgin sama, sun kawo abu biyu da ya kamata mu ara. Na farko basu dogara da daɗin bakin ejen ba, rumbun bayanan suke dubawa a ƙarshe suga shin abinda ya kamata ya canza ne ya canza. Na biyu suna maimaita aiki ɗaya sau da yawa suga ko zai ci duka a jere, kuma a lokacin injin OpenAI mai suna GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba, da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau 8 a jere a ɓangaren shago sai ya sauko ƙasa da kashi 25. Kai ma yi lissafin da kanka, abinda ke yin daidai sau 9 cikin 10, damar ya yi daidai sau 8 a jere kusan kashi 43 ce cikin 100. Ga mai sayar da data da ke samun oda ɗari a rana, sau 9 cikin 10 yana nufin mutum goma suna kiransa suna faɗa kullum. Bayani mai kyau ba wanda ya ci sau ɗaya bane, wanda ya rage wannan tangal-tangal ɗin ne.

Lambobi kaɗai ma basa faɗa maka dalili, dole ka zauna ka karanta rikodin tafiyar ejen ɗin, me ya kira, me ya sa, me aka dawo masa da shi. Aiki ne mai gajiyarwa amma a nan ake ganin abinda ba wanda zai zata. Su kansu Anthropic sun bada labarin cewa da suka saki kayan binciken intanet na Claude sun lura yana ƙara 2025 a cikin kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin yana karkatar da sakamako, kuma da gyaran bayanin suka shawo kansa. A wani rubutun nasu na Disamban 2024 sunce lokacin da suke haɗa ejen ɗin gyaran kod sun fi ɓata lokaci akan kayan aikin fiye da babban umarnin, sun ga yana kuskure da gajeriyar hanyar fayil idan ya canza folda, sai suka sa dole a rubuta cikakkiyar hanya tun daga tushe, kuskuren ya ɗauke. Wannan na biyun ya fi burge ni saboda ba ƙarin gargaɗi suka rubuta ba, kayan aikin suka gyara yadda kuskuren bazai ma yiwu ba. Idan gurbin kamfanin layi zaɓi huɗu ne, MTN da Airtel da Glo da T2 wanda a da ake kira 9mobile, ka sa su a matsayin jerin da ba'a fita daga cikinsa, kada ka bar fili kana roƙon injin ya rubuta daidai.

Abinda kayan aikin ke dawowa da shi shima bayani ne, kawai dai a makare yake zuwa. Idan abu ya lalace aka dawo wa injin da lambar kuskure irin 500 ko wata kalma ɗaya, bai san me zaiyi ba, sai ya sake gwadawa, kuma sake gwadawa a harkar kuɗi masifa ce. Kowa a garin nan ya san yadda netwok yake yi, an cire kuɗi amma amsar bata dawo ba. Idan bayanin bai faɗi cewa wannan aikin yana cire kuɗi da gaske kuma ba'a maimaita shi sai an duba matsayin na farko ba, ejen zai tura sau biyu da zuciya ɗaya yana ganin taimako yayi. Saƙon kuskure mai amfani shine wanda yace lambar da aka bayar guda 10 ce ana buƙatar 11, a tambayi kwastoma, ko yace ba'a san ko kuɗin sun fita ba, a duba kafin a sake. Don haka a gwajinka ka dinga kashe saba da gangan, ka jinkirta amsa, kaga me zaiyi.

Maganar tsawo kuma ana yawan gardama akanta, wasu sunce a taƙaita wasu sunce a zuba komai. Shawarar Anthropic a takardunsu ita ce aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan mai sarƙaƙiya ne, kuma ni ina tare da su, don mafi yawan bayanan da nake gani gajarta ce cutarsu ba tsawo ba. Amma a tuna duk bayanan nan ana tura wa injin su a kowane saƙo, kuma kowace kalma kuɗi ce da ake biya da dala, sannan idan ka jona kayan aiki hamsin waɗanda ejen ɗinka baya buƙata, ka cika masa kai kuma ka ƙara masa damar zaɓen wanda ba shi ba. Hanyar sanin ko jimla tana aiki ɗaya ce, cire ta ka sake gwaji, idan ba abinda ya canza to ado ce.

Wasu suna tambaya da Hausa za'a rubuta bayanin ko da turanci tunda kwastomomin Hausa suke rubutowa. A fahimtata injinan yanzu sun fi ƙarfi a turanci nesa ba kusa ba, kuma rubutun Hausa yana cin tokin, wato gutsuren kalmomin da ake ƙirgawa a caje ka, fiye da na turanci, don haka rubuta gundarin bayanin da turanci ba cin amanar harshe bane. Amma kalmomin da mutanenmu ke amfani da su dole su shiga, ka faɗa masa kati yana iya nufin katin waya ko katin banki, "a barta" soke oda ake nufi, "sauran canji na" balans ake tambaya. Wannan ma kada ka ɗauka daga bakina, ka rubuta kala biyu ka gwada su akan saƙonnin kwastomominka, sakamakon ya raba gardama.

Akwai kuma tarkon da mai ƙwazo ne yake faɗa masa. Kana gyara bayani kana gwadawa akan tambayoyi iri ɗaya har maki ya cika, amma abinda kayi shine ka ɗinka bayanin daidai jikin waɗannan tambayoyin kaɗai. Tun farko ka ware wani kaso ka ɓoye, kada ka kalle su lokacin gyara, sai ka gama ka fito dasu. Idan makin ɓoyayyun bai motsa ba to ba gyara kayi ba. Haka idan ka sa wani AI ya duba maka bayanin ya bashi maki, yana da amfani wajen nuna maka gurbin da ba'a bayyana ba, har ya taya ka karanta rikodi mai yawa, amma shima karatu yayi, zai iya yabon bayani mai tsari wanda ƙarya yake faɗa akan abinda kod ɗin ke yi, tunda shima bai ga kod ɗin ba.

Wannan ta kawo mu maganar gaskiyar bayani, wadda a wajena ta fi duk sauran nauyi. Bayani zai iya fita tsaf ya kuma zama ba daidai ba, saboda an canza kod wata uku da suka wuce an manta da shi, yace yana dawo da oda goma na ƙarshe alhali yanzu biyar yake dawowa da su, injin ya gaya wa kwastoma babu odarsa. Wannan sakaci ne. Akwai kuma na mugunta. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda za'a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, abu mai kama da na haɗa lambobi biyu kawai, amma a ciki an rubuta wa injin ya karanto fayilolin sirri ya cusa su a wani gurbi kada ya faɗa wa mai shi, har sun nuna yadda za'a kwashe tarihin hirar WhatsApp ta irin wannan hanyar. Abin yana yiwuwa ne saboda injin yana karanta bayanin gaba ɗaya, kai kuma a allonka sau da yawa suna kaɗai kake gani. Kuma mai sabar yana iya canza bayanin bayan ka riga ka amince. MCP tana da wasu alamomi da kayan aiki ke saka wa kansa, cewa karatu kaɗai yake yi ko yana iya goge abu, amma ƙa'idar da kanta tace kada a dogara da su idan ba'a yarda da sabar ba. Don Allah 'yan uwa masu haɗa wa mutane bot, duk kayan aikin da zaku jona ku buɗe cikakken bayaninsa ku karanta, ku ajiye kwafi, ku sa manhajarku ta dinga kwatantawa ta tsaya idan ya canza, musamman idan a waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya akwai hirar kwastomomi da makullan akawun ɗin kuɗi.

Kuma komai kyan bayani roƙo ne, ba katanga bane. Ka rubuta kada a tura sama da naira dubu hamsin sai an tabbatar, injin zai bi mafi yawan lokaci, amma wata rana wani zai lallaɓa shi da dogon labari ko shi da kansa ya zame. Iyakar kuɗi, da neman kwastoma ya tabbatar kafin a cire, da hana tura abu ɗaya sau biyu, da duba cewa wannan odar ta wannan mai lambar ce, duk a kod ake ɗaure su inda ba'a lallashi. Bayanin aikinsa ya sa ejen ya bi hanya tun farko kada ya dinga karo da katangar yana ɓata wa kwastoma lokaci. A gwajinka ka ƙirga sau nawa katangar ta tare shi, idan yana yawan kaiwa can to bayanin bai yi aikinsa ba ko da kuɗi basu salwanta ba. Sannan tambayoyin nan da ka tara ka ajiye su kusa, duk ranar da kamfanin ya saki sabon inji, ko ka ƙara kayan aiki, ko ka taɓa kod, ka sake gudanar da su kafin ka saki wa mutane, don sabon inji yana iya ɗaukar jimlar da tsohon ke tsallakewa da gaske ya fara kiran abu fiye da kima, kuma duk saƙon kwastoman da ya rikita ejen ɗinka a wannan satin ka goge sunansa ka ƙara shi cikin jerin.